Simintin da Na Fasa da Taɓarya

Akwai rana guda a rayuwata wadda ko na so in manta da ita ba za ta mantu ba, ita ce ranar da na ɗauki taɓarya na fasa aikin gwamnati da hannuna. Yanzu jikokina dariya suke yi in na ba su labarin, amma a ranar babu wanda ya yi dariya.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Gaya, a kan tudu, inda in ka tsaya kana hango kogi da giginyu har tsallaken Dahome. A kan tudun akwai guntun tsohuwar ganuwa da soron ƙofarta, ginin ƙasa na kakanni tun zamanin yaƙe-yaƙe. Sabuwar gwamnati ta ce wurin tarihi ne na ƙasa, aka kewaye shi da waya, aka ɗauki maigidana gardi, wato mai gadin wurin, domin tsohon soja ne kuma yana jin Faransanci. Tare da aikin aka ba mu ɗaki ɗaya wanda ya jingina da ganuwar daga ciki, har bangonmu na gabas ita ce ganuwar kanta. Nan nake kwana da ɗiyata ta fari, tana wata bakwai. Ba mu da wani wuri a duniya sai ɗakin nan, don gonar gidansu maigida an raba ta tun yana soja.

Albashinsa kaɗai gwamnati ke aikowa, shi ma sai ya ga dama yake isowa. Duk sauran abin da wurin ke bukata daga akwati yake fitowa. Wani akwatin ƙarfe ne mai huda a sama, baƙo ya jefa dala biyu a yanka masa tike. Baƙin ba yawa gare su ba: malaman lakwal, wato makarantar boko, da ɗalibansu, Nasara masu wucewa, sai direbobin kamiyon, manyan motocin gujiya, waɗanda duwan, wato ƴan kwastan, suka tsare a bakin gada, in sun gaji da zama su hawo kallo. Da kuɗin akwatin ake sayen tabarmi da zanar rumfa da randar baƙi, wadda ni ke cika ta safe da yamma. Kaso mafi girma kuwa na yaɓe ne. Duk bazara, kafin ruwa ya sauka, tsohon maginin garin yakan tara jama'a. Mata su kawo makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da ruwansa don kada ruwan sama ya cinye ta, maza su yaɓe, a tuƙa tuwo da kuɗin akwati kowa ya ci. Shi ya sa ƴan gari ba sa biyan tike. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar makuba sai in ji kamar waƙar matan nan tana tasowa daga gindin tudu.

To, a shekarar da nake ba ku labari, aka turo wani saurayin ma'aikaci daga Dosso ya riƙa duba wurin. Mushe muke ce masa, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci. Ba mugu ba ne, zumuɗi ne ya yi masa yawa, kamar duk samarin lokacin. Ya zagaya ganuwar ya ce, “Yanzu ƙasa tamu ce. Baƙi za su zo su tarar da tarihinmu an shafe shi da laka kamar rumbun hatsi?” Ya buɗe akwati, duk abin da ke ciki ya tafi a siminti da ladan wani magini daga birni. Cikin mako biyu ganuwa ta yi sumul, toka-toka, kamar bangon gidan kumandan. Ni kaina ta burge ni, ba zan yi ƙarya ba.

Tsohon maginin ya hawo da sandarsa, ya shafa simintin da tafin hannu, ya ce wa maigida, “Kun sa wa tsohuwa rigar ƙarfe. Ta ina za ta yi numfashi?”

“Baba, zamani ne.”

“To, Allah ya ba zamani sa'a,” in ji shi, ya gangara abinsa.

Ni mace ce mai fargaba, ban taɓa ɓoyewa ba. Tun da na haihu, in yarinyar ta yi barci mai nauyi sai na kai yatsa hancinta na ji numfashi. Shekara guda tak na yi a lakwal, amma mai tsoro ba abin da ke wuce idonsa. Bayan ruwa na uku na lura bangon ɗakinmu na gabas, wanda ba a shafa wa siminti ba ta ciki, ya yi sanyi, yana wari irin na bakin rijiya. Na fita na duba ta waje, sai ga tsage-tsage sirara kamar zare a can sama. Na ƙwanƙwasa da bayan yatsa, na ji amo irin na ƙwaryar da ba komai a ciki. A ƙasa kuma simintin ya ɗan turo ciki.

Na ce wa maigida, “Malam, ganuwar nan tana shan ruwa, ba ta fitarwa.”

Ya ce, “Ke da kika ga ƙadangare shekaranjiya kika tara mini unguwa wai maciji?”

“Zo ka ƙwanƙwasa ka ji da kunnenka.”

“Siminti ne fa. Gadar kogi ma da shi aka yi ta. Jibi Mushe zai zo da manyan baƙi, kada in ji maganar nan a bakin matan rijiya.”

Ban kai ta rijiya ba, amma na kai ta gidan tsohon magini. Na durƙusa na faɗa masa abin da na gani. Ya murza gemu, sannan ya ce, “Ɗiyata, ruwa ya shiga ta sama ya rasa ƙofar fita. In aka yi ruwa biyu ko uku masu ƙarfi, za ta zauna.”

“Ta wane gefe, Baba?”

“Wa ke kwana a gindinta?”

Na ce to me za a yi. Ya ce a tuɓe mata rigar ta sha iska. “Amma ni ba na taɓa kayan gwamnati. Na tsufa da shiga gidan kaso.”

Na koma gida ina juya abin a raina. In na yi shiru, ganuwa ta faɗo mana. In aka taɓa simintin, a kori maigida, ɗakin ya tafi tare da aikin. Ta ko'ina dai rufin da ke kan ɗiyata ne.

Washegari maigida ya tafi kasuwar Gaya sayen goron baƙi. Da hantsi sai ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ban san lokacin da na kwance goyo na miƙa wa maƙwabciyata ba, na ce ta tafi da ita can ƙarƙashin tsamiya. Na ɗauko taɓarya. Dukan farko ko alama ban yi ba. A na uku wani ɓangare mai faɗin faifai ya ɓalle ya faɗi, sai ga ƙasa baƙa jagab a bayansa, ruwa na tsiyaya kamar hawaye.

Matan da ke dawowa daga rijiya suka tsaya da tulunansu a kai. Na ji wata na cewa, “Matar gardi ta taɓu.” Wata dattijuwa a cikinsu ta sauke tulu, ta matso ta danna yatsa a ƙasar, yatsan ya nutse. Ta tafi gida ta dawo da tata taɓaryar. Kafin azahar mun fi goma. Tsohon magini ma sai ga shi, ya zauna nesa a kan dutse, wai shi kallo ya zo, amma bakinsa bai huta ba. “Ba nan ba, ƴar nan, sama tukuna. Ke kuma a hankali, ba dawa kike sussuka ba.” Ya sa aka rufe kan ganuwar da zana da ganyen giginya. Shi kuwa hadarin da ya tayar mini da hankali, ko ɗigo bai zubar ba, iska ta kwashe shi ya yi yamma.

Da la'asar maigida ya dawo. Ya tsaya da ƙunshin goro a hannu yana kallon ganuwar, duk ta zama kamar akuyar da aka fara feɗewa aka bari. Da ya daka mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Abin da ya ce kawai, “Kin kashe mu.” Bai ci tuwona ba, bai sake yi mini magana ba.

Da safe mota ta iso. Mushe ya fito da baƙinsa cikin manyan riguna, yana ta nuni da hannu, sai ya ɗaga kai ya gani. Fuskarsa ta canja. Ya ce, “Wa ya yi wannan?”

Ina tsaye a bakin ɗaki da goyo. Na buɗe baki ke nan sai maigida ya taka gaba, ya ƙame irin ta soja, ya ce, “Ni ne, ranka ya daɗe. Ni na sa aka fasa.”

Kafin Mushe ya yi magana, tsohon magini ya matso ya ce, “Ɗana, ara mini hannunka.” Ya kama hannun nan mai agogo ya danna shi a jikin ganuwar, yatsun suka shige har gaɓa ta biyu. Mushe ya daɗe yana kallon laka a hannunsa, baƙin kuma suna kallonsa. Na ji tausayinsa, wallahi, yaro ne. Da ya yi magana muryarsa ta sauka. Ya ce akwati babu komai, shi ma ba shi da bakin roƙon wani abu wurin manyansa bana. Ya dubi maigida ya ce, “Zan dawo da kaka. In na tarar da ita tsaye, aikinka na nan. In ta faɗi, ka kwashe iyalinka.”

Damina ce, maza duk suna gona, kuɗin tuwo kuma babu. Mata ne suka fito da makubar da suka ɓoye don daɓen ɗakunansu, kowace ta zo da ɗan garinta a ƙwarya. Muka bar ganuwar ta sha iska, in aka samu kwana uku ba ruwa mu kwaɓa mu yaɓe, tsoho na zaune yana faɗa, maigida na ɗauko mana ƙasa a kai. Direbobi suka ji labari a bakin gada wai mata na gini, suka riƙa hawowa kallo, akwati ya fara nauyi, har muka sayi sabuwar zana. Duk da haka kusurwar arewa, inda ruwa ya fi shiga, ta zube mana rana tsaka. Na yi kuka ranar kamar an yi mini mutuwa. Muka sake tayar da ita da tubali ɗaya-ɗaya.

Da kaka Mushe ya dawo shi kaɗai. Ya zagaya, ya tsaya a kusurwar arewa ya daɗe, ya ga sabon gini ne, bai tambaya ba. Ya ce daga yau in an buɗe akwati, kason yaɓe za a fara warewa kafin komai, kuma da shawarar tsoho. Ya sha ruwan randata, ya shiga mota. A ɗakin nan na haifi sauran ƴaƴana huɗu.

Bayan shekaru na tambayi maigida, Allah ya jiƙansa, me ya sa ya ɗauki laifina ranar. Ya yi dariya ya ce, “In an kore ni don abin da na yi, tsohon soja ne ya yi taurin kai. In kuwa aka ce matata ta fi ni ido, a wace majalisa zan zauna?” Iyakar godiyar da na samu ke nan, kuma ta ishe ni.

Abin da na koya shi ne, tsohon abu ba kuɗi mai yawa na rana ɗaya yake so ba, hannu yake so duk shekara, na mutanen da suka san halinsa. Na kuma daina jin kunyar fargabata. In zuciyarki ta ƙi kwanciya a kan abin da ya shafi ɗanki, kada ki zauna kina rawar jiki, kada kuma ki bari a rufe miki baki da dariya. Tashi ki je ki duba.