Mai Kyamarar Malam Abel

Shamsuddeen ya shekara tara yana ɗaukar bidiyon biki da suna a Kontagora kafin ya haɗu da Malam Abel, wani malamin kimiyya mutumin Auna. Malamin ya zo shagonsa da littattafan rubutu uku, ya ce yana da labarin wasu manoma da fari ya kora zuwa duniyar Mas, da irin dawa a ƙunshe cikin tsumma. Shamsuddeen ya yi dariya, amma ya karanta, kuma bai ajiye ba sai da ya kai ƙarshe.

A wani ramin da ake haƙar jar ƙasa a hanyar Ibeto suka riƙa ɗaukar fim ɗin labarin. Wata ƙaramar tashar talabijin ta karɓi shirin. Mutane sun fi son Baba Lahadi, dattijon da ke gadin irin, wanda a zahiri mai gyaran keke ne.

Sai dai Malam Abel ba ya sauri. Yakan tsayar da aiki yini guda don ya tabbatar ko tsiro zai rayu a irin sanyin Mas. Ranar da manajan tashar ya kira Shamsuddeen shi kaɗai yana ƙorafi, ya so ya kare abokinsa. Abin da ya fito daga bakinsa daban ne.

"Ranka ya daɗe, Malam darasi yake koyarwa, ba fim ba. Da ni ne, duk mako za a ga sabo."

Cikin kwana goma aka ba shi ragamar shirin. Bai iya gaya wa Malam Abel da bakinsa ba, sai a wayar manaja malamin ya ji.

Shamsuddeen ya shigo da dodanni da bindigogi masu wuta. Baba Lahadi ya kasa gudun da ake so, sai aka kashe shi a kashi na ashirin da biyu. Masu kallo suka ƙaru. Amma duk sanda ya wuce gindin mangwaron da tsohon ke gyaran keke, yakan ƙara wa babur wuta, ya kau da kai. Cikin jerin sunaye kuwa ya bar "Labari: Malam Abel" a sama, yana gaya wa kansa girmamawa ce.

Bayan wata bakwai ya hau babur ya tafi Auna ranar kasuwa. Ya tarar da malamin yana duba takardun ɗalibai. Aka kawo masa ruwa, aka tambayi iyali. Kafin ya fara maganar da ya shirya tun daga gida, malamin ya riga shi.

"Shamsu, akwai alfarmar da nake nema," in ji Malam Abel. "Yarana suna tambayata ko da gaske akwai dodanni a Mas, tunda sun ga sunana. Ka cire shi."

"Malam, ni ne na je wurin manaja."

"Na sani. Shi ya faɗa mini tun ranar."

Malamin ya raka shi har bakin hanya, ya ce ya kula da ramukan gada.

Shirin yana nan har yau, an kai kashi na sittin. Washegarin dawowarsa Shamsuddeen ya zauna gaban kwamfuta ya goge sunan da hannunsa. Ya daɗe yana kallon gurbin, ya kasa rubuta nasa, ya bar wurin fili.