Manomin Brazil a Aziziyya

Bayan la'asar, a shagon kayan miya da ke Aziziyya, unguwar da alhazai ke sauka a ƙasa mai tsarki, Abdulwasi'u yana kallon wani tsohon alhaji da ya daɗe a tsugune gaban kwandon albasa mai lawashi. Gajere ne, bayansa ya ranƙwafa, tafin hannunsa duk kanta. Fuskarsa ta mutanen Japan ce, amma tutar Brazil ce ɗinke a jakarsa.

Ba ya taya komai. Yana murje ƙasar da ta maƙale a saiwar albasar, yana shinshinawa, ido a lumshe.

"Ya akhi, lafiyarsa kuwa?" Abdulwasi'u ya tambayi jagoran ayarin su tsohon, wani Balarabe da ke jira a bakin ƙofa.

"Manomi ne," in ji jagoran. "Iyayensa suka ƙetare teku daga Japan, suka sari daji a Brazil. Duk ƙauyensu shi kaɗai ya musulunta. Ya daina zuwa bikin da suke yi wa magabata da ganguna da fitilun takarda, su ma suka ɗauke ƙafa daga gidansa."

Abdulwasi'u, wanda ya daɗe da baro gonar geronsa a Tasawa, yana hasko tsohon zaune a bakin gona, yana cin shinkafarsa shi kaɗai, kiɗan 'yan'uwansa na tasowa daga nesa.

Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya rusuna masa irin gaisuwarsu. Abdulwasi'u yana son ya tambaye shi ko damina ta yi kyau bana a can, amma babu harshen da ya haɗa su sai sallama. Ita suka yi.