Nisba a Kan Kafaɗata

Kafaɗata ta dama ta fara ciwo ana saura 'yan watanni aikin Hajji. Sana'ata tura tsofaffin alhazai ce a keken guragu, daga tantunan Mina zuwa wurin jifa, kuma abin da na samu a kwanakin nan shi ke riƙe gidana a unguwar Ka'akiyya ta Makka har tsakiyar shekara. In kafaɗa ta ƙi, tukunya ma ta ƙi.

Maƙwabcina, wani Basakkwace mai gasa nama, shi ya kai ni wani ƙaramin asibiti inda ake ƙaho da allurar Sin, siraran alluran nan da ake tsittsira wa mutum a bar su su ɗan jima a jiki. Mai yin ta Bahaushe ne haifaffen Makka, jikan wanzaman Katsina, Hausarsa rabi Larabci. Ban taɓa ganin hannu mai natsuwa irin nasa ba. Kafin ya soka allura sai ya ɗora yatsa a wurin, ya jira har in saki numfashin da na riƙe.

A hanyar gida maƙwabcina ya ce, "Ai da nisba yake aiki da mai wurin."

Ni kuwa nasaba na ji. Da na koma na ce masa, "Likita, ashe mai asibitin nan ɗan'uwanka ne. Allah ya bar zumunci."

Ya yi dariya har ya ajiye auduga. "Ya ammi," in ji shi, wato kawu da Larabci, "mutumin ɗan Ɗa'ifa ne, kakansa bai taɓa jin sunan Katsina ba. Nisba aka ce maka, kaso ke nan. Duk wanda ya kwanta a gadon nan, abin da ya biya rabawa muke, ya ɗauki nasa in ɗauki nawa."

Ni mutum ne da nakan sake alwala don kokwanton ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Maganar nan ta zauna min a ƙirji. Wannan rabon halal ne? Hukuma ta yarda da shi? In ba ta yarda ba, ni da nake biya ina ciki? Abin da ya fi cin raina kuwa, in ciwona ne abincinsa, yaushe zai ce na warke?

Na tambayi wani ɗalibi Bakano da ke ja mana salla. Ya ce malamai sun yi dogon zance kan ɗaukar ma'aikaci da kaso, wasu sun halatta, wasu sun ce sai an yanke lada sananne. Dokar ƙasa kuma ba fanninsa ba ne.

Ranar da na yi ƙarfin halin tambayar likitan kan rabon nasu, ina kwance rub da ciki, allurai a bayana.

Ya ce, "Izinin aikina na hannu, rabonmu kuma ba a ɓoye yake ba. Abin da ba na taɓawa shi ne kamasho, a ba wani kuɗi don ya turo min mara lafiya. Amma ba wannan ke damunka ba. Tsoro kake in riƙe ka kamar saniyar tatsa."



Ya zare alluran ɗaya bayan ɗaya, ya ce in ɗaga hannu. Hannun ya tsaya daidai kafaɗa. Ya danna wani wuri, na cije leɓe.

"Khalas," in ji shi. "Da allura za ta yi, da yanzu ta yi. Ka tafi babban asibiti a ɗauki hoto. Kada in sake ganinka a gadon nan."

Sai ga ni ina roƙo. Na ce Hajji ya matso, ya ƙara min ko sau kaɗan ne, zan biya.

"Ɗazu kana tsoron in riƙe ka, yanzu kai ka riƙe ni. Sa rigarka, ya ammi."

Hoto ya nuna jijiya ce ta yage. Aka hana ni tura keke a shekarar. Na samu aikin raba ruwa a Muzdalifa, da hannun hagu nake miƙawa ina ba alhazai haƙuri. Kuɗin bai kai na keke ba, muka taƙaita cefane. Likitocin babban asibitin sun ce da na tura keke da kafaɗar nan a haka, da sai an yi min tiyata. Da Hajji ya zagayo, na koma Mina da kekena.