Adda Hafsatu da Sojan Talabijin

Na san Adda Hafsatu Hammanjoda a ƙarshen shekarar 2014, lokacin da ta gudo daga Mubi na ba ta ɗaki a gidana na unguwar Jambutu. A hanya aka harbe ɗanta Umairu, ba a kuma ga gawarsa ba.

Bayan wasu shekaru, jikokina suka kawo wasan harbe-harbe na talabijin. Na ce bai dace da gidan iyali ba, kuma ni ba a mayar mini da magana. Adda ce ta mayar.

"Malam, bar musu," in ji ta. "Duba sojan nan, an kashe shi, ga shi ya tashi."

Kullum bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma gaban talabijin. Idan sojan wasan ya faɗi, sai ta zuba masa ido har ya miƙe, sannan ta ce a hankali, "Sannu, Umairu. Ka sha ruwa?" Yaran suka tsorata suka daina, ita kuwa tana roƙonsu su kunna mata.

Na sa aka sayar da na'urar wasan. Amma ta ci gaba da zama gaban baƙin gilashin tana jira, har ta yanke shawarar komawa Mubi. Rabona da ita ranar 9 ga Maris, 2021.