Tambayar da Na Yi wa Yaya

Yayana direban babbar mota ne, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari zuwa kudu. Ni kuma malamin firamare ne a Gumel. Tun ina ƙarami Inna, mahaifiyarmu, take cewa bakina ba ya barin magana ta kwanta, ko tuwo aka miƙo mini sai na tambayi wa ya daka dawar. Yaya kuwa tun kafin in fara koyarwa yake kirana Malam, don tsokana.

Shekarar da amai da gudawa ta shiga unguwarsu, Yaya ya binne matarsa da 'ya'yansa mata biyu cikin kwana huɗu. Bai yi kuka ba, mutane suka yi ta yaba tawakkalinsa. Da kaka ta yi muka je gonarmu ta gado a Gagarawa kakkaɓe riɗi. Muna hutawa a gindin gawo da rana tsaka, sai ya ce da ni, bai ko dube ni ba:

"Malam, ni fa na daina jin akwai mai ji. In na ɗaga hannu, iska kawai nake yi wa magana."

Na ce ya yi istigfari maza. Ya ce, "To, astagfirullah," kamar mai korar kaza daga shanya, ya tashi ya koma aiki.

Shekara tara ya yi a duniya bayan nan. Bai taɓa fashin jam'i ba, azumi ma yana yi, don kada Inna ta gane. Ni kaɗai na sani. In muka haɗu a sahu kafaɗarsa tana gogar tawa, sai sallata ta watse, in koma satar kallon leɓensa. Gaskiya na ji haushinsa da ya ɗora mini wannan kaya, ya ci gaba da shan shayinsa a tasha hankali kwance.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. Wata Talata da hantsi muka ga jikin ya rikice, ni da Inna muna ɗakin. A wurinmu in mutum ya kai gargara ba a matsa masa. Ana maimaita kalmar shahada ne kusa da kunnensa, a hankali. Da ya faɗa sai kowa ya kama bakinsa, kada a ja shi da wata magana, domin ta zama ita ce ta ƙarshe. Ni da kaina nake koya wa ɗalibai wannan.

Na durƙusa na fara. A karo na uku Yaya ya karɓa, tiryan-tiryan, bai sarƙe ba. Inna ta shafa fuska ta ce alhamdu lillahi, ta fita kiran baffanmu.

Abin da ya rage mini shi ne in yi shiru. Na dubi ƙofa, na ga babu kowa, na sunkuya na ce:

"Yaya, har zuci?"

Ya buɗe ido da ƙyar. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. Ya ce, "Malam, ban sani ba."

Na ruɗe na koma maimaita masa kalmar, ina yi ina girgiza kafaɗarsa. Harshen ya riga ya yi nauyi. Kafin Inna ta dawo da Baffa ya cika.

Kwana ukun zaman makoki, duk wadda ta shigo gaisuwa sai Inna ta ce mata, "Ya cika da kalmar shahada, ga ƙaninsa nan shaida." In gyaɗa kai. Da wannan farin cikin ita ma ta koma ga Allah bayan shekara biyu.

Ban taɓa kai maganar gaban wani malami ba, ina tsoron amsar. Duk Juma'a nakan je maƙabarta in tsuguna a gefensa. Wani lokacin in na ɗaga hannu iska ta taso, sai in ƙara ɗaga murya. Addu'ar tawa ba ta canjawa. Ina cewa: ya Allah, ya riga ya faɗa, ya yi shiru. Ni na tashe shi.