Kyaftin Thurlow da Kifi Mai Suna Uku

Thurlow Bozman bai taɓa zama a wani wuri ba sai ƙauyensu, a gabashin mashigin Chesapeake, inda kwalta take ƙarewa a bakin ruwa. An haife shi a 1931, ɗa na huɗu a gidan masunta. Yana da shekara goma sha huɗu ya bar makaranta ya shiga jirgin ubansa, kuma tun bai yi aure ba aka fara ce masa Kyaftin, yadda ake ce wa duk mai jirgin kansa. Da zafi kaguwa yake kamawa. In sanyi ya shigo sai ya kafa taru don kifin da shi da ubansa da kakansa suke kira rock, wato dutse, saboda yadda yake son raɓewa a gindin duwatsu. Kifi ne mai ciki fari tas, da baƙaƙen layuka bakwai ko takwas daga kai har wutsiya. Da shi Thurlow ya gina gida, da shi ya kai 'ya'yansa mata biyu makaranta.

Ba shi da yawan magana, amma akwai taurin kai. Matarsa Iva takan ce gara ta yi gardama da turken jirgi, shi ko ba komai igiyar ruwa tana ɗan motsa shi.

Kifin ya yi ta raguwa shekara da shekaru, kowa yana gani, kowa yana ɗora laifin a kan wani. A ƙarshen 1984 aka tara masunta a zauren 'yan kwana-kwana, wani jami'i mai ɗamarar wuya ya karanta musu takarda cewa daga sabuwar shekara an haramta kama striped bass. Ya maimaita sunan ya fi sau goma. Thurlow ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, wane kifi ne wannan kake ta ambata?"

"Sunan rock ke nan a doka, Kyaftin. Striped ɗin ratsin jikinsa ne, bass kuma danginsa."

"To, madalla. Ni dai shekara arba'in ina kan ruwa ban taɓa kama shi ba. Ku hana abinku."

Zaure ya kaure da dariya. Dariyar ba ta goge ko harafi ɗaya daga takardar ba. Ranar Lahadi sabon fasto, baƙo daga cikin ƙasa, ya sa masunta a addu'a, sai da ya zo kan kalmar bass ya karanta ta "beis", yadda ake kiran kakkaurar muryar mawaƙa, don rubutunsu iri ɗaya ne. Wata tsohuwa a layin gaba ta gyara masa da ƙarfi, "Bas, fasto. Kifi ne, ba ya waƙa."

Hunturun nan Thurlow ya yi shi a gida. Ya yi wa ɗakin girki fenti sau biyu. Wasu maƙwabtansa suka sayar da jirage suka kama aikin gadi a gidan yari, wasu suka koma tuƙa motar kaji.

Da watan Maris wata mai binciken kifi, Dakta Lenore Vasko, ta zo neman jirgi da wanda ya san inda manyan matan kifin suke hawa kogi su zuba ƙwai. Mutum shida suka ƙi. Iva ce ta amsa a madadin mijinta, tana riƙe da ƙofa.

"Zai je. In ya ƙara fentin ɗakin nan, ni zan bar masa gidan."

Dewey Tull, abokin Thurlow tun na ƙuruciya, ya tare shi a mashigar jirage.

"Kyaftin, an ce ka zama direban gwamnati. Sun ba ka hula, ko sai ka cika shekara?"

"Ruwa na koma, Dewey. Kai ina ka koma?"

Daga wannan rana Dewey ya daina gaishe shi.

Dakta Vasko 'yar arewa ce, daga Rhode Island. In tana rubutu a littafinta, striped bass take sawa. In taru ya yi nauyi ta manta da kanta, sai ta yi ihu, "Striper!" yadda ubanta yake faɗa a can garinsu.

"Dakta, tsaya," in ji Thurlow ran farko. "Kifi nawa muke nema?"

"Ɗaya ne, Kyaftin."

"Ɗaya da suna uku? Ɓarawo kawai na sani da haka."

Aikin shi ne a kama, a auna, a maƙala wa kifi 'yar lamba kusa da ciki, a sake shi. Sakin ne ya yi masa wuya. A shekara ta biyu suka ɗago wata uwa da ta kusa tsawon Daktar kanta, cikinta fal ƙwai. Thurlow ya sunkuya ta gefen jirgi, ya riƙe ta cikin ruwan sanyi har ta farfaɗo, ta kaɗa wutsiya ta nutse. Ya goge hannu a wando, ya tayar da inji. Suka nufi gaɓa.

Bayan wata goma sha biyar wasiƙa ta zo ofishin Dakta daga wani mai aski a jihar Massachusetts, can arewa mai nisa. Ya kama uwar nan da ƙugiya a bakin teku, ya kwafi lambar, ya mayar da ita ruwa. Ya rubuta cewa striper ɗinsu na bana sun yi ƙiba. Dakta ta karanta wa Thurlow a kan jirgi. Ya san kifin yana ɓacewa da zafi, amma bai taɓa tambayar kansa gidan wa yake zuwa ba.

"Ɗinsu, ya ce?"

"Haka ya rubuta."

"Ashe reno muke yi musu." Ya karɓi wasiƙar ya ninke, ya sa a aljihu, bai mayar mata ba.

Shekara biyar ya yi yana wannan aiki. A 1990 aka sake buɗe kamun kifin, da ƙa'idoji masu yawa da adadin da ba a wucewa. Thurlow ya koma tarunsa yana ɗan shekara hamsin da tara. Masunta da yawa ba su dawo ba, jiragensu sun riga sun tafi. Dewey ya dawo, da jirgin haya, kuma wata safiya injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa Thurlow ya jawo shi har gida. Suka ci gaba da zama benci ɗaya a coci, amma hirarsu ba ta koma yadda take a da ba.

Gwiwa ce ta sauke shi daga ruwa a 2003. Ya sayar da jirgin ga wani mutumin Virginia. Sauran shekarunsa ya yi su a rumfar bayan gida yana ɗinke wa mutane taru, rediyon yanayi a kunne ko da ba inda za shi. Ya rasu da watan Fabrairu na 2009, Iva ta bi shi bayan shekara biyu. Ƙaramar 'yarsu ce a gidan yanzu, tana koyar da lissafi a makarantar gunduma.