Muhyiddin da Shanu Marasa Ƙafa

Muhyiddin, ɗan gwaggona, wata shida kacal ya yi a Kaduna yana koyon kwamfuta, amma ya dawo Kontagora yana taku kamar shi ya ƙera ta. A 1999 wani ofishin aikin kiwo ya ɗauke shi aikin kula da babbar kwamfutarsu, wadda suke kira saba, a wani ɗaki marar taga da ko kaza za ta raina.

Aikin sabar bai taka kara ya karya ba. Malaman dabbobi su dawo daga makiyayar Bobi da hotunan shanu marasa lafiya, su tura wa sabar ta fom, wani ɗan shirin kwamfuta a cikinta ya karɓa ya ajiye wa likita. Rubutu na shiga lafiya lau. Hoto kuwa rabi yake isowa: ƙaho, tozo, daga nan sai toka-toka. Shanun Bobi kaf suka rasa ƙafa, alhali ciwon kofato ake nema.

Ana haka Muhyiddin ya samu wani aiki a Kaduna, aka ba shi mako uku ya kawo takardar sallama. Oga Haggai, shugaban ofis, ya jefa takardar a durowa.

"Ranar da saniya ta tsaya da ƙafa huɗu, zan sa hannu."

Muhyiddin ya canza waya. Ya goge sikana, na'urar shigar da hoto, da bakin rigarsa. Ya rame har agogonsa ya koma gwiwar hannu. Ya ce a riƙa juya hoton ƙasa a sama; ƙafafu suka iso, kawuna suka ɓace.

"To Injiniya, yau fille su ka yi?" in ji Rabi'atu mai buga tafireta.

Saura kwana biyu ya lura cewa hoto ɗaya, ko sau goma aka tura, a wuri guda yake yankewa. Ashe ɗan shirin nan karanta hoto yake yi kamar wasiƙa, da ya ci karo da wata alama da a rubutu take nufin ƙarshe, sai ya naɗe tabarmarsa. Layi ɗaya Muhyiddin ya ƙara wa shirin, ya gaya masa ya kwashi komai yadda ya zo.

Saniya ta fito har kofato. Oga Haggai ya ƙirga ƙafafun da biro, sau biyu.

"Huɗu, Oga. Takardata fa?"

"Malam Muhyiddin, duk garin nan wa ya iya wannan in ba kai ba? Ka tafi, gobe ta sake gurguncewa, in kira wa?"

Ya murɗa makullin durowa, ya sa a aljihu. Ya dai sa an kai wa Muhyiddin fanka ɗakin.